Sakamakon Zaɓen 'Yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar an fara bayyana sakamakon zaɓen 'yan majalisa, tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne a kowace ƙasa: wa ya ci, me ya sa alƙaluman ba su yi daidai da abin da aka gani a rumfunan zaɓe ba, kuma me zai biyo baya. An tattaro waɗanda aka fi maimaitawa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya. Mafi yawan ruɗanin daga wuri ɗaya yake fitowa: ƙuri'a daban, kujera daban, kuma dokar zaɓen kowace ƙasa ce ke faɗin yadda ɗaya ke komawa ɗaya.

1. Idan sakamako ya fito, me ya kamata in fara dubawa?

Yawan kujeru, kafin yawan ƙuri'u. A zauren majalisa ba a ƙirga mutanen da suka zaɓi jam'iyya, hannayen da za a ɗaga ake ƙirgawa. Don haka ka fara sanin kujeru nawa ne a majalisar gaba ɗaya, ka raba biyu, ka ga adadin da ya haura rabin. Wannan shi ne rinjaye. A Majalisar Wakilan Najeriya mai kujeru 360, rinjaye 181 ne. A Majalisar Dattawa mai kujeru 109, 55 ne. A Birtaniya 326 ne cikin 650, a Indiya 272 cikin 543, a Faransa 289 cikin 577.

Jam'iyya tana iya zuwa ta ɗaya ba tare da ta kai wannan adadi ba. A zaɓen Indiya na 2024, BJP ta Narendra Modi ta samu kujeru 240. Ta fi kowa, amma sai da ta jingina da ƙawayenta kafin ta kafa gwamnati. Abin da ke faruwa a irin wannan hali yana amsa ta 9.

2. Ta yaya ake mayar da ƙuri'u su zama kujeru?

Manyan hanyoyin uku ne. Ta farko, a yanka ƙasa zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa ta fitar da mutum ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya tafi da kujerar ko da ƙuri'a ɗaya ya fi na biye da shi. Haka ake yi a Najeriya da Ghana da Kenya da Indiya da Birtaniya da Kanada. Ba a buƙatar ya samu rabin ƙuri'un. Idan 'yan takara biyar suka raba, mai kashi 30 cikin 100 na iya zama ɗan majalisa.

Ta biyu ita ce rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u. Jam'iyya kan miƙa jerin sunayen 'yan takararta, mai zaɓe ya zaɓi jam'iyya, sannan a raba kujerun daidai da kason da kowa ya samu. Afirka ta Kudu da Isra'ila da Holan suna kan wannan tsari, kuma da shi Nijar ta zaɓi mafi yawan 'yan majalisarta a zaɓen 27 ga Disamba 2020, tare da ware kujeru takwas ga ƙananan ƙabilu. Ta uku ita ce zagaye biyu irin na Faransa, inda ake komawa rumfa bayan mako guda a duk mazaɓar da babu wanda ya haura rabi. Wasu ƙasashe, kamar Jamus da Senegal, sun gauraya zaɓen mazaɓa da na rabo, kowace da nata salon.

3. Jam'iyyarmu ta samu ƙuri'u masu ɗimbin yawa amma kujeru kaɗan. Ba maguɗi ba ne?

Yana iya zama maguɗi, amma wannan kaɗai ba hujja ba ce. A tsarin mazaɓa ɗaya mutum ɗaya, duk ƙuri'ar da aka kaɗa wa wanda ya zo na biyu ta tafi a banza, haka ma rarar da wanda ya ci ya tara fiye da buƙatarsa. Jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu a faɗin ƙasa za ta yi ta zuwa ta biyu a ko'ina, ta tashi hannu rabbana. Wadda nata suka taru a wasu yankuna kuwa za ta kwashe kujerun wuraren.

Zaɓen Birtaniya na 4 ga Yuli 2024 ya nuna wannan ƙarara. Jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650. Reform UK ta samu ƙuri'u fiye da miliyan huɗu, kimanin kashi 14, ta tsira da kujeru biyar kacal. Liberal Democrats, waɗanda ƙuri'unsu ba su kai na Reform ba, sun samu kujeru 72, domin sun zuba ƙarfinsu a mazaɓun da suka san za su iya ci. Babu wanda ya saci akwati. Tsarin ne haka. A Kanada ma, a 2019 da 2021, jam'iyyar 'yan mazan jiya ta fi ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, amma jam'iyyar Justin Trudeau ce ta fi kujeru a duka biyun.

Inda ya kamata a sa ido shi ne yadda aka shata iyakokin mazaɓun tun farko. Idan wata mazaɓa tana da masu zaɓe ninki uku na wata, kuma kowace kujera ɗaya take da ita, an riga an yi rashin adalci tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Irin wannan ba ya fitowa a hoton takardar sakamako, shi ya sa ba a cika yin hayaniya a kansa ba.

4. A tsarin rabo, yaya ake yin lissafin?

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta D'Hondt, wani masanin shari'a ɗan Beljiyam, kuma da ita ake aiki a Sifaniya da Fotugal da Turkiyya. Ana raba ƙuri'un kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka har gaba, sannan a bai wa lambobin da suka fi girma kujeru ɗaya bayan ɗaya.

A ƙaddara yanki mai kujeru biyar. Jam'iyya ta farko ta samu 50,000, ta biyu 30,000, ta uku 20,000. Lambobin ta farko su ne 50,000 da 25,000 da 16,666 da 12,500. Na ta biyu 30,000 da 15,000. Na ta uku 20,000 da 10,000. Manyan lambobi biyar su ne 50,000, 30,000, 25,000, 20,000 da 16,666. Ke nan ta farko ta samu kujeru uku, sauran biyun ɗai-ɗai. Lura cewa mai rabin ƙuri'u ta tashi da kashi 60 na kujeru. Wannan hanya tana ɗan fifita manyan jam'iyyu, musamman inda kujerun yanki ba su da yawa.

5. Me ya sa wata jam'iyya ta samu miliyoyin ƙuri'u a tsarin rabo amma ba ta da ko kujera ɗaya?

Saboda shingen da doka ta gindaya. Ƙasashe da yawa sun ce sai jam'iyya ta kai wani kaso kafin a sa ta cikin rabo, don kada majalisa ta cika da ƙananan jam'iyyun da ba za su iya haɗuwa a kan komai ba. A Jamus kashi 5 ne, a Isra'ila kashi 3.25. A zaɓen Jamus na 23 ga Fabrairu 2025, jam'iyyar BSW ta tsaya a ƙasa da kashi 5 da ɗan ƙiris, ta rasa komai cikin kujeru 630, FDP ma da ta sha zama cikin gwamnati ta faɗi waje.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne na Turkiyya a 2002, lokacin da shingen yake kashi 10. Jam'iyyu biyu kaɗai suka tsallake. AKP ta samu kimanin kashi 34 na ƙuri'u amma ta karɓi kujeru 363 cikin 550, yayin da ƙuri'un fiye da kashi 40 na masu zaɓe suka tafi ba wakilci. An sauko da shingen zuwa kashi 7 a 2022. Duk wanda ya ce tsarin rabo ba ya zubar da ƙuri'a, a nuna masa wannan.

6. Wa ke da hurumin bayyana sakamako, kuma me ke jawo jinkiri?

Hukumar zaɓe ce, ta bakin jami'in da ta naɗa. Abin da wakilin jam'iyya ya ɗauka a waya ya watsa a Facebook ko WhatsApp yana iya zama gaskiya a rumfarsa, amma rumfa ɗaya ba mazaɓa ba ce. A zaɓen Najeriya na 25 ga Fabrairu 2023, matakan sun kasance haka: a ƙirga a rumfa a gaban jama'a, a cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a ɗauki hotonta da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a tura shafin nuna sakamako na IReV na hukumar INEC. Daga nan a kai cibiyar tattara sakamako ta gunduma, sai ƙaramar hukuma, sai cibiyar mazaɓa, inda baturen zaɓe zai bayyana wanda ya yi nasara. Bayan haka ne ake miƙa takardar shaidar cin zaɓe. Tsakanin rumfa da cibiyar ƙarshe ne aka fi zargin sauya alƙaluma, shi ya sa kwafin da ke hannun wakili yake da daraja idan an je kotu (duba amsa ta 12).

A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa mataki biyu ne: hukumar zaɓe ta fitar da sakamakon wucin gadi, kotun tsarin mulki ta duba ƙorafe-ƙorafe ta tabbatar da na dindindin, kuma kujera ɗaya ko biyu na iya sauya hannu a tsakani. Jinkiri kuma ba kullum ne alamar ɓarna ba. Indiya ta yi zaɓen 2024 kashi bakwai daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, ba a ƙirga ko ɗaya ba sai ranar 4 ga Yuni.

7. Me ake nufi da "zaɓe bai kammala ba"?

Wannan shi ne abin da 'yan siyasar Najeriya ke kira inkwankulusib. Idan aka soke zaɓe a wasu rumfuna saboda rikici, ko saboda ƙuri'un da aka kaɗa sun zarce adadin waɗanda aka tantance, sai a kwatanta tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu da yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke. Idan tazarar ta fi yawa, a bayyana wanda ya ci, tunda ko duka suka zaɓi na biyu ba zai kamo ba. Idan ba ta kai ba, sai a sake zaɓe a waɗannan rumfunan kaɗai, a haɗa da na baya. A 2023 duka kujerun sanata uku na Jihar Sakkwato sun faɗa cikin wannan hali, sai a zaɓen 15 ga Afrilu aka kammala su.

8. Jam'iyyar da ta fi kujeru ita ke kafa gwamnati?

Ya danganta da tsarin mulkin ƙasar. A tsarin firaminista, kamar Birtaniya da Indiya da Jamus, gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, kuma ranar da ta rasa rinjaye ranar take tangal-tangal. Keir Starmer na Labour ya zama firaministan Birtaniya washegarin zaɓen 2024. A Afirka ta Kudu ma 'yan majalisa ne ke zaɓen shugaban ƙasa. A tsarin shugaba mai cikakken iko kuwa, kamar Najeriya da Amurka da Ghana, zaɓen shugaban ƙasa daban yake. Ko jam'iyyarsa ta sha kaye a majalisa yana nan kan kujerarsa, sai dai kasafin kuɗi da tantance ministoci da amincewa da ciyo bashi su zama masa ciwon kai.

Tsarin da ya fi haɗari a nan shi ne mai kai biyu, shugaban ƙasa da firaminista. A Nijar, Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa, aka yi zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka yi rinjaye. Dole ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista, Mahamadou Issoufou kuma ya zama shugaban majalisa. Zaman doya da manja aka yi har aikin gwamnati ya tsaya cik, kuma a ranar 27 ga Janairu 1996 sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka kifar da su duka. Amma rusa majalisa ba kullum yake juyewa mai shi ba: Bassirou Diomaye Faye na Senegal ya yi haka a 2024, jam'iyyarsa Pastef ta dawo da kujeru 130 cikin 165.

9. Idan babu jam'iyyar da ta samu rinjaye fa?

Sai ciniki. Ko dai a kafa gwamnatin haɗaka, ko jam'iyya mafi girma ta yi mulki da 'yan tsiraru tana neman goyon baya doka bayan doka, ko a koma zaɓe. A ranar 29 ga Mayu 2024 ANC ta Afirka ta Kudu ta rasa rinjaye karo na farko tun 1994, ta samu kujeru 159 cikin 400. Ta haɗa kai da tsohuwar abokiyar hamayyarta DA mai kujeru 87 da wasu ƙanana, Cyril Ramaphosa ya ci gaba da mulki.

Wani lokaci cinikin kan ja. Beljiyam ta yi kwana 541 bayan zaɓen 2010 kafin ta samu sabuwar gwamnati. Isra'ila ta yi zaɓe biyar tsakanin 2019 da 2022. A Faransa, bayan zaɓen bazarar 2024 ya raba majalisa gida uku, gwamnatin Michel Barnier wata uku kawai ta yi aka kayar da ita da ƙuri'ar yanke ƙauna.

10. Dole ne shugaban majalisa ya fito daga jam'iyya mai rinjaye?

A'a. 'Yan majalisa ne ke zaɓensa da kansu, kuma ba kullum suke bin umarnin uwar jam'iyya ba. A ranar 9 ga Yuni 2015 Bukola Saraki ya zama shugaban Majalisar Dattawan Najeriya ba da son shugabannin jam'iyyarsa ta APC ba, da taimakon sanatocin PDP, har Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakinsa. A ranar ce Yakubu Dogara ya kayar da Femi Gbajabiamila, ɗan takarar da jam'iyya ta tsayar, a zaɓen kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'u 182 da 174. A 13 ga Yuni 2023 kuwa zaɓin jam'iyya ne ya yi nasara: Godswill Akpabio ya doke Abdul'aziz Yari a Majalisar Dattawa da 63 da 46, Tajudeen Abbas ya zama kakaki da ƙuri'u 353.

Na Ghana ya fi wannan. A zaɓen 2020, NPP mai mulki da NDC mai adawa kowace ta samu kujeru 137, da ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya. Da aka zo zaɓen kakaki a Janairun 2021, Alban Bagbin na jam'iyyar adawa ne ya ci.

11. Me ya sa ake yawan maganar kashi biyu bisa uku?

Domin manyan al'amura ba sa wucewa da rinjaye na yau da kullum. A Najeriya, gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73 da wakilai 240, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Da wannan adadin ne kuma majalisa ke iya tsallake shugaban ƙasa idan ya ƙi sa hannu a kan doka, kamar yadda aka yi wa Olusegun Obasanjo a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. APC ta fito daga zaɓen 2023 da sanatoci 59, PDP 36, LP 8, sauran shida suka rabu tsakanin NNPP da SDP da APGA da YPP. Rinjaye ne, amma a wancan lokaci da sauran tafiya kafin 73. Yadda irin wannan giɓi ke cikewa ba tare da sabon zaɓe ba yana amsa ta 13.

12. Kotu za ta iya sauya sakamakon da aka riga aka bayyana?

Ƙwarai kuwa. Tsarin mulkin Najeriya ya bai wa mai ƙorafi kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Wanda aka bayyana yana ci gaba da zama a majalisa har a gama. Ta wannan hanya ce Natasha Akpoti-Uduaghan ta karɓi kujerar Kogi ta Tsakiya a ƙarshen 2023, watanni bayan an rantsar da wani.

Rigimar zaɓen fid da gwani hanyarta daban, tana iya kaiwa Kotun Ƙoli, kuma ɓarnarta ta fi girma. A ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, don haka ƙuri'un da aka kaɗa mata sun zama na banza. Kujerar gwamna da na sanatoci uku da na wakilai bakwai duk suka suɓuce mata a rana ɗaya. Ko mutum yana ganin hukuncin daidai ne a shari'ance, da wuya ya ce abin da masu zaɓe suka nufa ke nan.

13. Me ya sa alƙaluman kujeru na yau suka bambanta da na ranar zaɓe?

Hukuncin kotu, mutuwa, murabus, naɗa ɗan majalisa minista, sai kuma babbansu, sauya sheƙa. Sashe na 68 na tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Wannan togaciya ta zama ƙofa a buɗe: kusan duk mai ficewa sai ya ce rikici ya dabaibaye jam'iyyarsa, kuma shugaban majalisa ne zai bayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta, abin da da wuya ya yi idan jam'iyyarsa ce ta yi sabon baƙo. Indiya ta yi dokar hana sauya sheƙa tun 1985, tana hukunta har wanda ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarnin jam'iyyarsa.

Idan kujera ta zama babu kowa, a tsarin mazaɓa ana yin zaɓen cike gurbi. A tsarin rabo kuwa yawanci na gaba a jerin sunayen jam'iyyar ne ke hawa. Akwai kuma kiranye, amma a Najeriya sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu an kuma tantance su. Yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye a 2018 a matakin tantancewar ya mutu.

14. Me ya sa mata suke da yawa a wasu majalisu, a wasu kuma sai an laluba?

Yawanci doka ce, ba halin masu zaɓe ba. Ruwanda ta ware wa mata kujeru 24 cikin 80 na majalisar wakilanta, kuma da waɗanda suka ci ta jerin jam'iyyu sun haura kashi 60. Senegal ta yi doka a 2010 cewa jerin sunaye ya zama namiji, mace, namiji, mace. A tsarin rabo wannan abu ne mai sauƙi, tunda jeri ake miƙawa (duba amsa ta 2). Inda kujera ɗaya ce a mazaɓa, duk faɗan a zaɓen fid da gwani yake, inda kuɗi da iyayen gida ke magana. Mata uku aka rantsar cikin sanatoci 109 na Najeriya a Yunin 2023, ta huɗu kuma ta kotu ta shigo.

15. Idan mutane ƙalilan ne suka fito, zaɓen yana nan daram?

A mafi yawan ƙasashe, eh. Dokar Najeriya ba ta gindaya adadin da dole ya fito ba. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kuma babu kujerar da aka soke saboda haka. Faransa ta ɗan yi dabara: kafin ɗan takara ya ci tun a zagayen farko, sai ƙuri'unsa sun haura rabin waɗanda aka kaɗa, kuma sun kai kashi ɗaya bisa huɗu na duk masu rajista a mazaɓar. A Tunisiya, zaɓen majalisa na Disamban 2022, wanda manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa, kimanin kashi 11 ne suka fito, kuma majalisar da ya haifar ta fara zama a watan Maris na 2023.